Gemun Maigida

Laraba, 15 ga Oktoba

Yau an yi min iyaka da ɗakin Maigida. Ni ɗin nan. Bari in rubuta tun haushin bai huce ba, don ba na so ya huce.

Na je da 'yar jakata kamar kowace Laraba. Tun da ciwon ƙirji ya hana shi fita, ni nake bin shi gida in yi masa gyaran fuska, kuma ba wanda ya taɓa sa ni. Shi ya koya min riƙon aska, shi ya bar min shagon da nake ci a ciki, madubin ma nasa ne. Na zaunar da shi kusa da taga, na jiƙa tawul a ruwan ɗumi, na yi aikina. Da na gama na sunkuya na hure masa bayan kunne, dama da hagu, yadda ya koya min. A wurinsa, in ba a hure guntayen gashin nan da baki ba, ba a gama aski ba. Buroshi kuwa kayan malalata ne, haka yake cewa tun ina saurayi. Ya shafa haɓarsa ya ce, "Yauwa Dogo, yanzu na zama mutum."

Ina fitowa Auta ta tare ni a baranda da fararen kayanta na asibiti. 'Yarsa ce ta ƙarshe, nas ce yanzu. Yarinyar da take shigo mana shago tana kwasar kumfa tana yi wa kanta gemu. Ta gaishe ni da ladabi, ban ce ba ta yi ba. Sannan ta ce murar bana ba ta wasa ba ce, tun yanzu gadajensu sun fara cika, kuma huhun babanta ba zai ɗauka ba. An yi masa allurar rigakafi, duk mutanen gidan ma sun yi. Wanda bai yi ba, ba zai sake shiga ɗakin ba sai sanyi ya wuce.

"Kawu, kai ka yi?"

Na ce allura don mura? Na ce mata tun kafin a haife ta nake shaƙar numfashin mutane a kan kujera, masu tari da masu atishawa, ban taɓa rufe shago don ciwo ba. Ta ce, "To Kawu, sai ka yi shawara." Ko murya ba ta ɗaga ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ba zan yi ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Shago ya cika, kowa da bakinsa. Rediyo ya ce manyan da suka yi allurar bana ba su kai rabi ba, wai shi ya sa ake tsoron murar za ta yi ƙarfi. Na ce ashe muna da yawa, mu ne ma masu rinjaye. Malamin lissafi yana kan kujera, ya fara yi mana darasi cewa idan mutane da yawa suka yi, ciwon ba ya samun hanyar bi daga wannan zuwa wancan. Na danna masa kai ƙasa na ce ya daina motsi kar in yi masa tsani a ƙeya. Direban bas ya ce surukinsa ya yi allurar, washegari ya tashi da majina. Kowa dai da surukinsa.

Ni ba na cikin masu cewa an zuba wani abu a ciki. Wannan shirme ne. Magana ce ta jikina, kuma na fi kowa sanin shi. Citta da lemun tsami sun riƙe ni har na yi furfura.

Maman yara ta ce tsoro nake ji. Wai mutum yana yini da reza a maƙogwaron jama'a amma ɗan tsinke ya gagare shi. Ba tsoro ba ne. Kawai ba yarinyar da za ta sa min sharaɗi kafin in ga ubangidana.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na je. Na ɗauka zuwa yanzu ta sauko.

Ashe har aikinta ta canza don ta kasance a gida ranar Laraba. Ta shimfiɗa min tabarma a baranda, ta kawo shayi, kamar wani baƙo daga nesa. Ta taga muka gaisa da Maigida, gilashi a tsakaninmu. Gashi ya fara yi masa fari-fari a kumatu. Ya nuna min fuskarsa da yatsa, ya nuna Auta, ya yi alamar an murɗe masa wuya. Na yi dariya don kar ta ga abin ya dame ni.

Ta ce ta sayo masa injin aski na lantarki, irin wanda mutum yake yi wa kansa. Ya cusa shi ƙarƙashin gado. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Shayin ban sha ba.

Jumma'a, 24 ga Oktoba

Mai kemis na gefen shagona ya ji labari, ban san ta bakin wa ba. (Na sani. Maman yara ce.) Ya leƙo yana murmushi ya ce in zo mu yi musaya, ni in gyara masa saje, shi ya yi min allura, kafin in gama tsaki an gama. Na ce sajen nasa ma ba ya gyaruwa.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ban je ba. Me zan je yi, kallon gilashi?

Da hantsi Maigida ya kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai shirya sata. Ya ce, "Dogo, na zama bunsuru." Gemun yana yi masa ƙaiƙayi har ba ya barci sosai. Mijin babbar 'yarsa ya zo da reza zai gwada, ya kore shi, ya ce fuskar nan hannu biyu ta sani, nasa da nawa, nasa kuwa yanzu rawa yake yi. Na ce ai kai ma ka bari sun yi maka allurar. Ya ce danne shi suka yi, su uku. Ƙarya yake yi, na san muryarsa idan yana ƙarya.

Ya yi tari mai tsawo, na jira. Sai ya ce Laraba mai zuwa Auta tana aikin safe, ba ta samu wanda zai canza da ita ba. Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Na kasa cin abincin rana. Mutumin da bai taɓa bari a gan shi da gashin kwana biyu a fuska ba, yau yana zaune kamar wanda ba shi da kowa, alhali ina nan da hannuna lafiya lau.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na ga filasta a damtsen Maman yara tana shanya. Ta je ta yi ba ta faɗa min ba. Na ce ashe a gidana ma an ci ni da yaƙi. Ta ce, "Baban yara, hannuna ne ko naka?"

Litinin, 3 ga Nuwamba

Garin duk tari. Malamin lissafi bai zo ba, an ce yana kwance. Direban bas ya zo ido jajur, ya ce fasinjoji sun gama da shi. Ina gyara masa gashin baki ya sako min atishawa a fuska ba ko sallama. Na goge da tawul na ci gaba. In don wannan ne da tuni na mutu sau ɗari.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na yi. Kuma ba na nadama.

Na jira a shagon mai gyaran takalmi na tsallaken titi har na ga fitar Auta, sannan na shiga. Mai aikin gidan ta gan ni ta kau da kai, Allah ya yi mata albarka. Kuma kar wani ya ce ban yi hankali ba. Na sa takunkumi tun daga bakin ƙofa, ni da ban taɓa jure shi ba. Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Na goge aska da almakashi da sipirit. Tawul sabo fil na kawo daga gida. Ita kanta nas ɗin ba za ta fi haka ba.

Da na gan shi kusa, raina ya ɓaci. Gemu ya cukurkuɗe, ya soshe wuyansa har ya yi ja. Ya ga takunkumin ya ce, "Kai kuma wane ne?" Na ce likita ne daga babban asibiti, an turo ni duba bunsuru. Ya yi dariya har ta koma tari.

Sai da na rage da almakashi kafin in sa kumfa. Na bi fuskar nan a hankali, na san ta fiye da tawa: ɗan tudun da ke ƙarƙashin kunnen hagu, tabon haɓa inda gashi yake fitowa a karkace. Ya lumshe ido, numfashinsa yana ƙara kamar tsohuwar fanka. Can ya ce na danna da yawa a leɓen sama. Ban danna ba. Sai dai in bai sami abin gyarawa ba hankalinsa ba ya kwanciya.

Da na gama na sauke takunkumin na hure masa bayan kunne, dama da hagu, da ɗan wuyan riga inda gashi ya maƙale. Ai ba a hurawa ta cikin ƙyalle. Na mai da shi nan take. Na miƙa masa ƙaramin madubi, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yanzu na zama mutum."

Na share ƙasa tas, na tattara gashin a leda na fito da shi, ko sili ɗaya ban bari ba. Ba wanda zai san na zo.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Wauta. Na kwashe gashin ƙasa na manta da fuskar.

Auta ta zo shago da rana, ta jira har na sallami wanda ke kan kujera. Wai Maigida ya ce mata shi ya yi wa kansa. Ta ce, "Da hannun da ba ya riƙe kofi, Kawu? Ga layin saje kamar an ja da rula?" Gaskiya layin ya fita.

Na faɗa mata duka, takunkumi, sabulu, sipirit, sabon tawul. Tana ta gyaɗa kai. Sai ta ce, "Ka hure masa?"

Na ci gaba da wasa askata a jikin fata. Ta tsaya kaɗan, ta ce min sai an jima, ta fita.

A gidan mai aski ta tashi, shi ya sa. Wata nas ɗin ba za ta san ta yi wannan tambayar ba.

Maƙogwarona yana ɗan kartawa. Hoda ce na shaƙa.

Jumma'a, 7 ga Nuwamba

Gajiya ce kawai. Na rufe da wuri.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Yau ne na iya riƙe biro. Ban san mura tana haka ba. Wannan ba majina ba ce, duka ne. Ƙasusuwana kamar an bi su da taɓarya, ido ba ya son haske, bargo biyu ina rawar ɗari. Shago a rufe tun Asabar, karo na farko tun da Maigida ya ba ni makulli.

Maman yara tana ta hidima da ni, tana shaƙar tarina, ita kuwa in ban da ɗan hanci da ya toshe mata kwana ɗaya ba abin da ya same ta. Sai dai duk sa'ad da za ta miƙo min kofi, da hannun filastar nan take miƙowa. Da gangan ne.

Na tambaye ta ko an ji daga gidan Maigida. Ta ce in sha maganina.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Maigida yana asibiti tun ranar Lahadi. Yau Maman yara ta faɗa min, wai jira take zazzaɓina ya sauka.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ba ni kaɗai nake numfashi a garin nan ba. Auta kullum daga cikin masu tari take dawowa gida. Mai aikin gidan tana zuwa kasuwa tana shiga motar haya. Jikoki suna zuwa daga makaranta hanci na zuba. Mijin babbar 'yar nan ma da rezarsa, wa ya san me ya kwaso? Kuma ranar da na je lafiyata ƙalau, ko tari ban yi ba. Sannan ina amfanin allurar tasu, tunda an yi masa ga shi a kwance?

Haka na faɗa wa Maman yara. Ta ce, "Ni na ce kai ne?" Na ce ba ki ce ba. Ta ce, "To da wa kake faɗa?"

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na kira Auta ba ta ɗauka ba. Aiki ne ya yi mata yawa, na sani.

Maman yara ta je dubiya. Ni ba za a bar ni ba da wannan tarin, ban ma nema ba. Ta ce har a baranda an jera gadaje, yawanci tsofaffi, amma akwai majiya ƙarfi irina da suke ganin su ƙarfe ne. (Wannan ƙarin nata ne.) Ta hango shi daga bakin ƙofa, robar iska a hanci, ya rame. Ya ɗaga mata yatsu biyu ya yi alamar almakashi. Ta gane ni yake tambaya, ta ce masa na samu sauƙi.

Shi yana can yana kokawa da numfashi, yana tambayar lafiyata. Na shiga banɗaki na daɗe. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye wa takarda ba. In mutumin nan ya tafi, ban san da wane ido zan kalli madubinsa ba.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na buɗe shago. Mutum uku kawai, rabin unguwa na kwance.

Na gama wa wani saurayi, na ɗauko kilifa, injin askina, zan hure haƙoranta kamar kullum, ina fuskantar madubi kusa-kusa. Na hura. Gilashin ya yi hazo, kuma a cikin hazon ga 'yan ɗigo-ɗigo ƙanana, rana ta haske su. Na hure kilifa a gaban madubin nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ban taɓa kula ba.

Saurayin ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce madubin ne ya yi datti. Na goge. Shi ban hure masa ba, na kaɗe masa da tawul.

Jumma'a, 21 ga Nuwamba

Auta ta zo da kanta. Ta faɗa, idonta ya zurma. An cire masa robar, jibi za a sallame shi. Na ce alhamdu lillahi, na juya ina gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara.

Na shirya mata amsoshi tun ina kwance, masu kyau, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ba ni damar ko ɗaya ba. Ta ce, "Kawu, ban ce kai ne ba. Ba wanda zai iya cewa wane ne." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Na ce to ina allurar ta tsare shi? Ta ce ba ta hana shi kamuwa ba, amma likita yana ganin da ba don ita ba, da huhu irin nasa, da wuya ya sauko daga gadon nan da ƙafarsa. Na ce likita ai dole ya yabi kayansa. Ta yi murmushi, irin na babanta sak.

Sharaɗin yana nan. Na ce ai na riga na yi murar, an gama. Ta ce ba iri ɗaya ba ce, wadda ta kwantar da ni tana da 'yar'uwa tana yawo, kuma sanyi bai ko yi rabi ba. Tana bakin ƙofa ta ce ya hana nas-nas ɗin asibiti su taɓa masa fuska, ya ce yana da mai yi masa.

Yarinyar nan ta san inda take soka.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Damtsena na hagu ya yi tsami. Na ce wa Maman yara ƙofar shago ce ta buge ni. Ta ce ƙofar tana da kirki, har filasta ta manna min.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Wai allurar sai ta yi kamar sati biyu kafin ta kama jiki. Ni ban tambaya ba, mai kemis ne da surutu. Na gyara masa sajen, bai gyaru ba.

Laraba, 10 ga Disamba

Auta ce ta buɗe min ƙofa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓi jakata ta shige gaba kamar da.

Yana kusa da taga, an riga an zaunar da shi, tawul a kafaɗa. Ya ce, "Ka makara." Ban makara ba.

Da na rage gemun na sa kumfa, hannuna ya rasa hanya. Fuskar ba ita ba ce. Kumatun sun faɗa, inda aska take wucewa sumul yanzu rami ne, sai na ja fatar da yatsa biyu kafin ta kwanta. Fatar kuma ta yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa. Ban taɓa yin aski a hankali irin na yau ba, ko ranar da ya fara ba ni kan mutum. Bai ce na danna ba. Na so ya ce.

Na goge masa, na shafa mai. Ya karkata kai yana jira, ido a rufe. Da ya ji shiru ya ce, "Dogo, ba ka gama ba."

Na buɗe jaka na ɗauko abin. Mai laushi ne, na daɗe ina zaɓe. Na bi masa bayan kunnen dama da shi. Ya buɗe ido ɗaya.

"Mene ne wannan?"

"Buroshi ne, Maigida."

"Kayan malalata."

Na ce tsufa ne, tun ciwon nan numfashina bai dawo daidai ba. Ya kalle ni ya daɗe. Shi ma ya san muryata idan ina ƙarya. Sai ya rufe idon, ya juyo min ɗaya kunnen.

Har yanzu ina nan kan bakana, ba wanda ya isa ya ce ni ne, kuma yarinyar nan ta cika iko. Buroshin dai biyu na saya, ɗayan yana shago. Ya fi sauri, shi ke nan.